Muhammad Ali: shin bai kamata ya ajiye dambe tun bayan karawar Manila ba?

Ɗan_Bagalam
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina so in ajiye wata magana a gabanku, kuma ina fatan dattawanmu da suka ga zamanin za su sa baki. Muhammad Ali ya yi karawa 61 a damben ƙwararru, ya yi nasara a 56, an doke shi sau 5. Idan aka duba da kyau za a ga cewa uku daga cikin biyar ɗin nan sun faɗo ne a cikin karawa huɗu na ƙarshe da ya yi, wato da Leon Spinks a 1978, da Larry Holmes a 1980, da Trevor Berbick a 1981. A ganina ranar da ya kamata ya cire safar dambe ya ajiye ita ce 1 ga Oktoban 1975, bayan karawarsa ta uku da Joe Frazier a Manila, domin shi da bakinsa ya ce bai taɓa kusantar mutuwa kamar ranar ba. Amma sai ya sake hawa dandali har sau goma bayan wannan, kuma a 1984 likitoci suka tabbatar yana ɗauke da cutar Parkinson, alhali shekarunsa 42 kacal. Ni ina ɗora laifin ne a kan masu cin abinci a jikinsa, waɗanda suka ga alamun lalacewa suka yi shiru. Ko akwai mai ganin ba haka abin yake ba?

Tsohon_Direba_Tibiri
Wa alaikumus salam, ɗana. Ni da za a tambaye ni, ba zan ma bari ya kai Manila ba, a Kinshasa zan ce ya tsaya. A shekarar 1974 ina yaron mota, ƙasar nan ba ta gama fita daga masifar fari ba, kuma a watan Afrilun shekarar ne Seyni Kunce ya karɓi mulki, saboda haka mutane ba su da wani abin farin ciki mai yawa. An yi damben ne ranar 30 ga Oktoba da misalin ƙarfe huɗu na asuba domin mutanen Amurka su samu kallo da daddare, kuma lokacin Kinshasa daidai yake da namu. Da gari ya waye muna tasha, mai shayi ya ɗora rediyonsa a kan benci, direbobi da ƴan kamasho suka kewaye shi, har wani dattijo ya riƙe kofinsa bai kai baki ba sai da aka gama labarin. Da aka ce Ali ya kayar da George Foreman a turmi na takwas, tashar ta ɗauki kabbara baki ɗaya. Ku tuna cewa Foreman yana da shekara 25, bai taɓa shan kaye ba a karawa 40, kuma ya riga ya gama da Frazier da Ken Norton kowanne a turmi na biyu. Ali kuwa shekararsa 32. Wanda ya yi wannan, me kuma ya rage masa ya nuna wa duniya?

Malama_Zariya
Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Sai dai ina ganin ba za mu fahimci abin da ya hana shi tsayawa ba idan muka tsallake abin da ya same shi tsakanin 1967 da 1970. Ranar 28 ga Afrilun 1967 aka kira sunansa a Houston domin shiga soja a lokacin yaƙin Biyetnam, ya ƙi matsowa gaba, ya ce addininsa da tunaninsa ba su yarda ya je ya yaƙi mutanen da ba su yi masa komai ba. Nan take aka karɓe kambunsa, aka soke lasisinsa, daga baya kuma aka riƙe fasfonsa ta yadda ba zai iya fita waje ya yi dambe ba. Tun yana da shekara 25 har ya kusa cika 29 bai hau dandali ba, kuma waɗannan su ne shekarun da ɗan dambe yake kan ganiyarsa. A wannan tsakani da laccoci a jami'o'i yake ciyar da iyalinsa, ga kuɗin lauyoyi. Mutumin da aka yi wa irin wannan ƙwace, da wuya ya yarda cewa lokacinsa ya ƙare, domin a ransa yana bin duniya bashin shekara uku da rabi.

Yaron_Kasuwa_Tasawa
Ni abin da na ji tun ina yaro shi ne har shekara biyar ya yi a gidan yari saboda wannan ƙin, kuma a can ne ya musulunta.

Malama_Zariya
Ƙanena na Tasawa, labarin ya cakuɗe a hanya kafin ya iso gare ka. Gaskiya ne a watan Yunin 1967 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara biyar da tarar dala 10,000, amma bai yi wannan zaman ba, domin ya ɗaukaka ƙara yana waje a kan beli, har ranar 28 ga Yunin 1971 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin ba tare da alƙali ko ɗaya ya saɓa ba. Batun musuluntarsa kuwa ya riga wannan duka. Ya bayyana ta ne a 1964, jim kaɗan bayan ya karɓe kambun duniya daga hannun Sonny Liston yana da shekara 22, kuma a shekarar ce ya yar da sunan Cassius Clay, ya kuma ziyarci Gana da Nijeriya da Masar.

Ma'aikacin_Lafiya
Ina goyon bayan Ɗan_Bagalam a kan mafi yawan abin da ya faɗa, amma adalci ne a ce ba kowa ne ya yi shiru ba. Likitansa na dandali, Ferdie Pacheco, ya bar tawagar a 1977 bayan karawar da aka yi da Earnie Shavers, wanda aka sani da nauyin hannu, domin ya ba da shawarar a tsaya ba a saurare shi ba. Abin da ya fi damuna shi ne karawar Holmes. Kafin ta, hukumar dambe ta jihar Nevada ta sa an duba shi a asibitin Mayo, an ga ƴan alamu a maganarsa da motsin jikinsa, duk da haka aka ba shi izini. Sannan yana shan maganin ƙwayar maƙogwaro (thyroid) wanda ya zubar masa da nauyi, ya kuma bar shi ba ƙarfi. A daren 2 ga Oktoban 1980 a Las Vegas turmi goma ya yi yana karɓar duka ba ramuwar kirki, sai da mai horar da shi Angelo Dundee ya ce ya isa. Ita ce kaɗai karawar da aka tsayar a kansa a duk rayuwarsa. Game da cutar kuwa, ya kamata mu yi hattara, domin likitoci sun rabu: wasu sun danganta ta da dukan kai na shekara da shekaru, wasu kuma daga cikin waɗanda suka duba shi sun ce irin Parkinson ɗin da ke kama mutum da wuri ce ko da bai taɓa dambe ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, yawan dukan kai yana illata ƙwaƙwalwa, kuma ba a dandali kaɗai ake shan sa ba, har da wajen atisaye, inda Ali ya saba jingina da igiya ya bar abokan atisaye su yi ta jibgarsa domin jikinsa ya saba.

Jikan_Sarkin_Fawa
Ku bar ni in kawo maganar gida, domin ni a gidan mahauta na tashi, kuma dambe gadonmu ne. Kawuna ya yi damben gargajiya tun yana saurayi. Da kaka ta yi, an gama girbi, sai su kama hanya gari gari, har su ƙetara zuwa Jibiya da Katsina. Na sha ganin ana naɗa masa kara a hannun dama, ana ja ana ɗaurewa har hannun ya yi tauri, yana zaune shiru kamar ba shi ba. Lokacin da ƙarfi ya fara raguwa, mahaifiyarsa ta roƙe shi da hawaye, ya yi mata alkawari ya daina. Amma duk ranar da ya je kallo, mai kalangu ya hango shi ya fara kiran kirarinsa, sai ka ga jikinsa yana tsuma, kafin a ankara ya tuɓe riga. A ƙarshen rayuwarsa hannun nan da ya kayar da maza ba ya iya riƙe ludayin fura sai an tallafa masa. Ba wanda ya tilasta masa, kuma kuɗin da ake samu a lokacin bai taka kara ya karya ba. Saboda haka Ɗan_Bagalam, kada ka ɗora komai a kan ƴan cin arziki. Akwai abin da ke cikin jinin ɗan dambe wanda mu ƴan kallo ba za mu gane ba.

Malam_Limanci
Labarin nan ya taɓa ni ƙwarai, Allah ya jiƙan kawunka. Amma tunda zauren musulmi ne, wajibi ne a faɗi abin da shari'a ta ce. Hadisi ya inganta a cikin Bukhari da Muslim cewa idan ɗayanku zai yi duka to ya nisanci fuska, shi kuwa damben zamani a kan dukan fuska da kai aka gina shi. Kan haka ne majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yi fatawa a 1987 cewa wannan dambe bai halatta ba. Kokowa daban ce, domin an ruwaito Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi kokowa da Rukana ya kayar da shi, kuma a kokowa da zarar mutum ya taɓa ƙasa an gama. Ban faɗi wannan don in rage darajar Ali ba, Allah ya gafarta masa. Na faɗa ne domin tambayar yaushe ya kamata ya tsaya tana da wata tambaya a ƙarƙashinta.

Hajiya_Ali_Ɗan_Sofo
Allah ya gafarta Malam, mun ji kuma mun karɓa. Sai dai ina roƙon a dubi inda mutumin ya fito. An haife shi a Louisville a 1942, lokacin da baƙar fata ba ya cin abinci a inda farar fata ke ci. Yana da shekara 12 aka sace masa keke, ya kai kuka wajen wani ɗan sanda mai suna Joe Martin, wanda yake koyar da yara dambe, daga nan ya fara. Ya ciyo wa Amurka zinare a gasar Olamfik ta Roma a 1960, ya dawo gida bai tsira daga wariya ba. Ba a gidan malamai ya tashi ba, kuma ƙungiyar Nation of Islam da ya fara shiga tana da aƙidun da mu ba mu san su a musulunci ba. Duk da haka ya yi aikin hajji a 1972, kuma daga 1975 ya bi Warith Deen Mohammed zuwa tafarkin sunna. Da wannan damben ne sunan Muhammad ya shiga bakin mutanen da ba su taɓa furta shi ba. A 1967 Ernie Terrell ya dage da kiransa da tsohon sunansa, Ali ya yi turmi goma sha biyar yana dukansa yana tambayarsa sunan nasa. Wasu sun ce ya yi tsanani a ranar, ni kuwa ina ganin mutum ne da ya ƙi a raina abin da ya zaɓa wa kansa.

Ɗan_Madarunfa
Hajiya, da girmamawa, tsananin nan bai tsaya a kan Terrell ba, kuma ina ganin muna yawan rufe ido a kan abin da ya yi wa Frazier. Lokacin da aka hana Ali dambe, Frazier ya taimaka masa da kuɗi, ya kuma sa baki a mayar masa da lasisi. Da aka zo tallar karawarsu, Ali ya kira shi ɗan koren turawa, kafin Manila kuma ya riƙa kiransa goggon biri a gaban ƴan jarida, wanda shi ne ainihin zagin da masu wariya ke yi wa baƙar fata. Frazier ɗan manoma ne daga South Carolina, ya sha wahalar da ta fi ta Ali. Ya doke Ali ranar 8 ga Maris 1971 a New York, har ya kai shi ƙasa a turmi na goma sha biyar, kuma ya ɗauki wannan ciwon zuciya shekaru masu yawa. Na kawo wannan ne domin yana da alaƙa da tambayar farko: zafin da aka yi a Manila, inda mai horar da Frazier, Eddie Futch, ya hana shi fitowa turmi na ƙarshe saboda idanunsa sun kumbura ba ya gani, wani ɓangarensa daga wannan gaba ya samo asali. Su biyun ba wanda ya koma yadda yake bayan wannan rana.

Hajiya_Ali_Ɗan_Sofo
Wannan gaskiya ne, ɗana, ba zan kare shi a kai ba. Abin da zan ƙara kawai shi ne, da Frazier ya rasu a 2011, Ali ya je jana'izarsa a Philadelphia duk da jikinsa ya yi rauni sosai.

Mai_Son_Kokowa
Ina jin daɗin muhawarar, amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mun san ranar haihuwar Ali da sunan likitansa, to mutum nawa ne a zauren nan zai iya ba da tarihin Issaka Dabore? Shi ne ya ciyo wa Nijar lambar Olamfik ta farko, tagulla a dambe, a Munich a 1972, bayan ya wakilci ƙasar a 1964 da 1968. Ba mu sake samun wata lamba ba sai 2016 da Abdurrazak Alfaga ya ciyo azurfa a taekwondo a Rio. A nan Maradi kuma muna da Yakuba Kantu, wanda ya ɗauki takobin kokowa na farko a Tawa a 1975, har filin kokowarmu ke ɗauke da sunansa. Tambayar Ɗan_Bagalam ta shafi namu fiye da Ali, domin shi ko ba komai ya samu miliyoyi da likitoci, namu kuwa idan ƙarfi ya ƙare sau da yawa sai dai ƴan'uwa su ɗauki nauyinsu.

Ɗalibi_Jami'a
Ina neman izinin iyayena in kawo wata hujja da ta saɓa wa ra'ayin farko. Idan shekaru ne matsala, me za mu ce game da Foreman kansa? Ya bar dambe a 1977, ya yi shekara goma ba ya yi, ya dawo, kuma a 1994 yana da shekara 45 ya kayar da Michael Moorer ya sake zama zakaran duniya, ya kuma ci gaba da rayuwarsa da harshensa garau har ya rasu a 2025. Sannan da Ali ya tsaya a 1975, da bai kafa tarihin zama na farko da ya ɗauki kambun masu nauyi sau uku ba, domin a Satumban 1978 ya rama kayen Spinks a New Orleans. A nawa ganin kuskuren ba ci gaba bayan Manila ba ne. Kuskuren shi ne dawowa bayan ya sanar da ritaya a 1979.

Ma'aikacin_Lafiya
Ɗalibi, hujjarka tana da ƙarfi, amma ba yawan shekaru ake ƙirgawa ba, yawan dukan da kai ya sha ake dubawa. Foreman mai gama aiki da wuri ne, yawancin karawarsa ta farko ba ta wuce ƴan turame ba, kuma shekara goman nan hutu ne ga ƙwaƙwalwarsa. Ali na kafin 1967 da ƙafa yake kare kansa, yana zillewa ba a samunsa. Ali na bayan 1970 ƙafar ta yi nauyi, sai ya koma dogaro da juriya, kuma dabarar jingina da igiya da ta ba shi nasara a Kinshasa ita ce ta koya masa cewa zai iya shanye kowane irin duka. Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973, bai fita ba sai da aka kammala turmi goma sha biyu. Irin wannan jarumta ce muke yabo, kuma ita ce ta cinye shi.

Ɗan_Bagalam
Na gode muku duka. Maganar Jikan_Sarkin_Fawa ta tsaya mini a rai, kuma na yarda ɗan dambe ba ya son a ce masa ya isa. To ai shi ya sa ake da hukuma, ake da likita, ake da mai horarwa. Eddie Futch da Ɗan_Madarunfa ya ambata ya hana Frazier fita alhali saura minti uku a gama, Frazier yana roƙonsa ya bar shi. Wannan shi ne aikin na kusa da kai. An ba Ali kimanin dala miliyan 8 a karawar Holmes, kuma Holmes ɗin nan tsohon abokin atisayensa ne wanda ya san halin da jikinsa ke ciki, har ya zubar da hawaye bayan an tashi. Idan abokin karawa ya ji tausayi, ina uzurin waɗanda suka shirya karawar? Bayan wannan ma ba su bari ba, sai da suka kai shi Bahamas a Disamban 1981 yana gab da cika shekara 40.

Tsohon_Direba_Tibiri
Ɗana, ka yi magana mai kyau, amma mutumin da gwamnatin Amurka da sojojinta suka kasa tanƙwarawa, wane ne a cikin yaransa zai ce masa zauna ya zauna? Taurin kan da ya sa ya ƙi zuwa Biyetnam shi ne dai ya sa ya ƙi jin maganar likita, ba za ka karɓi ɗaya ka mayar da ɗaya ba. Kuma ban yarda a ce rayuwarsa ta lalace bayan ciwon ba. A 1990 ya je Iraƙi ya dawo da Amurkawa 15 da ake tsare da su. A 1996 ya kunna wutar Olamfik a Atlanta hannunsa yana rawa, bai ɓoye kansa ba. Ya yi shekara 32 da cutar kafin ya rasu ranar 3 ga Yunin 2016, aka yi masa sallar jana'iza a Louisville a gaban dubban mutane.

Malama_Zariya
Ƙari a kan batun hukuma da Ɗan_Bagalam ya tayar: an samu gyara daga baya, ko da yake sai da aka yi asarar rai. Bayan ɗan damben Koriya ta Kudu Duk Koo Kim ya rasu a 1982 sakamakon karawarsa da Ray Mancini, aka fara rage karawar kambun duniya daga turmi 15 zuwa 12. A shekarar 2000 kuma Amurka ta yi dokar kare ƴan dambe daga zaluncin masu shirya wasa, aka sa mata sunan Muhammad Ali. Da dokar turmi 12 tana aiki a 1975, da turmi na goma sha uku da na goma sha huɗu na Manila, waɗanda suka fi kowanne muni, ba su faru ba.

Ɗan_Madarunfa
Akwai karawa ɗaya da ba wanda ya ambata, kuma ina ganin a nan ne ya kamata a tsaya a duba. A Satumban 1976 Ali ya kara da Norton karo na uku a filin Yankee na New York, alƙalai suka ba Ali, amma da yawa daga waɗanda suka kalla sun tafi a kan cewa Norton ne ya ci, shi kansa Norton ya fita yana kuka. Haka aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan karawarsa da Jimmy Young a watan Afrilun 1976. Da alƙalai sun ba Norton a daren nan, wataƙila da Ali ya ga gaskiyar jikinsa tun kafin Shavers da Holmes su same shi. Ina roƙon duk wanda ya kalli karawar nan daga farko zuwa ƙarshe, musamman Baba na Tibiri da Ma'aikacin_Lafiya, ya gaya mana wa ya ba turmi na goma sha biyar.